Lakar da Hambali Ya Yaso

Malam Hambali ya shekara talatin da ɗaya yana shiga rijiyoyin Fagge da Sabon Gari. Kakansa fataucin kanwa ne ya kawo shi Kano daga Borno, ya sauka a Fagge, bai koma ba. Mahaifinsa ya yi dako a Kantin Kwari har bayansa ya ranƙwafa. Shi kuwa Hambali an kai shi koyon ɗinki, zaman wuri ɗaya ya gagare shi, sai ya bi wani maƙwabcinsu mai yasar rijiya. A unguwar Kwaciri yake zaune da matarsa Huseina. 'Ya'yansu uku ne, duk mata, duk suna gidajen mazajensu.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, marar yawan magana. In rijiya ta ja baya ko ta soma wari, shi ake nema. Zai ɗaura igiya a ƙugu ya sauka, abokin aikinsa Abdulƙahhar, wanda sa'ansa ne, yana sama yana jan guga. In sun kwashe laka har idon ruwa ya buɗe, Hambali yakan jira sabon ruwa ya taru, ya ɗiba a tafin hannu, ya sansana, ya kurɓa. Ya san ruwan zartsi, ya san mai ƙarnin ƙarfe, ya san wanda masai ya yoyo a cikinsa. Rijiyoyin da ke kusa da rafin Jakara, inda ruwan kwata da na marina suke haɗuwa, ya sha cewa a bar su sai wanki, ko da mai gida zai ɓata rai. Shi ya sa in ya ce "Ku sha," ba a ƙara tambaya.

Da bazarar wata shekara aka kira shi wani gidan haya a Sabon Gari, mai ɗakuna goma sha huɗu. Mai gidan, Baba Nwabueze, tsohon mai sayar da kayan gyaran mota ne, sun daɗe da sanin juna. Hambali ya sauka, ya tarar da laka mai launin toka, sumul, ba wari ko kaɗan, sai dai nauyi.

"Yau gugan nan kamar dutse kake zuba mini," in ji Abdulƙahhar daga sama.

"Laka ce mai kyau," in ji Hambali. "Irin wadda magina ke so."

Da suka gama, ya kurɓi ruwan. Garau yake, mai sanyi. Ya ce wa Baba Nwabueze su sha.

Cikin masu haya akwai Chinyere, mai sayar da abinci a bakin kasuwar Sabon Gari, da 'yarta Munachi, 'yar shekara uku. A Kano aka haifi Chinyere, Hausarta ba gargada. Ta dubi tsibin lakar da ke bakin rijiya ta ce, "Baba Hambali, don Allah kafin ku zubar, ga ramin nan a ƙofar ɗakina. Da damina ruwa yake kwanciya, sauro ya hana mu sakat."

"Wannan ai ba aiki ba ne, Maman Muna," in ji shi.

Ya kwashi lakar ya cike ramin, ya baje ta, ya tattake da ƙafa. Munachi ta tsuguna tana kallonsa, tana ta zuba masa surutu, rabi Hausa rabi Ibo. Ya gutsuri ragowar ya murza mata 'yar tukunya da murfinta. Ta karɓa da hannu biyu, ta ruga ta nuna wa uwarta.

Damina ta zo ta wuce. Wata safiya yana zaune a ƙofar gidansa yana ƙulla igiya, wata matashiya ta yi sallama. Ta ce sunanta Ifunanya, ƙanwar Chinyere ce, tana aiki a ɗakin gwaje-gwajen ruwa da ƙasa na wata jami'a.

"Baba, Munachi tana asibiti, yau kwana goma sha biyu."

Ta ce abin ya fara da ciwon ciki da ƙin abinci. An yi maganin zazzaɓi, an yi na tsutsar ciki, ba sauƙi. Daga nan yarinyar ta rage magana, sai kuka. Ranar da ta sanƙare tana jijjiga aka kwashe ta zuwa asibiti, aka gwada jininta, aka sami dalma mai yawa.

"Dalma?" in ji Hambali. "Wadda ake liƙin tukunya da ita?"

"Ita. Ina so in san inda ta samo ta. Na ɗebi ruwan rijiyar, na ɗebi ƙasar tsakar gida. Saura lakar gindin rijiya, kuma ba mai iya ɗebo mini sai kai."

A ranar ya sauka rijiyar, ya cika mata kwalabe uku. Bayan kwana goma ta kira shi gidan. Ba ta tsaya a tsakar gida ba, ta zagaya da shi bayan katanga. Wani fili ne da aka kewaye da langa-langa. Tsofaffin baturan mota jibge har sama, mutane huɗu suna fasa su da gatari, suna tsiyaye ruwan batir a wani rami, suna tara farantan dalmar da ke ciki don narkawa. Ƙasar wurin ta yi fari-fari, ko ciyawa babu. Daga ramin zuwa rijiyar bai fi taku ashirin ba.

"Ruwan batir yana da tsami mai cin ƙarfe," in ji Ifunanya. "Shi yake narkar da dalmar, ya ratsa yashi da ita, musamman da damina. In ya isa rijiya ya gauraya da ruwa mai yawa, tsaminsa ya karye, sai dalmar ta sauka ta manne a jikin laka. Shekara da shekaru tana taruwa a gindi. Shi ma ruwan akwai ta a ciki, ta wuce ƙima. Amma lakar ta fi muni nesa ba kusa ba."

"Na ɗanɗana ruwan nan da bakina."

"Ba ta da wari, Baba, ba ta da launi, harshe ba ya kama ta. Ko an tafasa ruwan tana nan."

Ya tambaye ta ƙasar tsakar gidan fa. Ta sunkuyar da kai ta ce duk gidan akwai kaɗan-kaɗan, amma wuri ɗaya ne ya yi daidai da gindin rijiya: ƙofar ɗakin yayarta. Nan Munachi take wuni tana wasa, hannu a ƙasa, hannu a baki.

Nan ne Hambali ya zuba lakar da hannunsa. Ya nufi mai filin, wani ƙaƙƙarfan mutum da tsumma a wuya, ya faɗa masa abin da ya ji. Mutumin ya ce shekararsu goma sha biyu a nan, ga su garau, kuma ba su taɓa tsallaka katangar kowa sun zuba wani abu a rijiya ba.

Washegari da sassafe Hambali ya dawo da shebur da buhuna. Ifunanya ta sa shi ya yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi, ta ba shi safar hannu da abin rufe hanci. Ya haƙe ƙofar ɗakin har ya wuce inda ya zuba, ya cika buhu goma sha tara. Abdulƙahhar ya ce a ɗauko kurar dako a kai su Jakara, inda kowa yake kai nasa.

"A'a," in ji Ifunanya. "A ƙasa da nan, da ruwan ake ba latas da alayyafo. Kasuwa za ta dawo mana da ita."

Sati uku buhunan suna jingine a lungu an rufe su da leda. Hambali ya je ofis biyu da takardar gwajin, ɗaya aka ce mai sa hannu ba ya nan, ɗayan aka ce ba huruminsu ba ne. Ƙarshe Baba Nwabueze ya sayo siminti da tsofaffin duro huɗu, aka kwaɓa ƙasar da simintin, aka ɗura, ta daskare. Rijiyar kuma aka rufe bakinta da kankare. Filin baturan an garƙame shi na 'yan makonni, daga baya aka ci gaba da jin ƙarar gatari.

Hambali ya lissafa rijiyoyin da ya yasa a wannan layin da na bayansa, guda bakwai. Ya bi su gida-gida. Bai saba dogon bayani ba, don haka yakan tsaya a zaure ya ce kada yara su sha, kada a dafa abinci da shi, sai an gwada.

"Ba kai ka ce mu sha ba, Baba?" wata mata ta tambaye shi.

"Ni na ce. Ban sani ba ne."

"To yanzu me za mu sha? Famfo ya fi shekara bai kawo ba. 'Yan garuwa ka san inda suke ɗebowa?"

Bai sani ba. Gida biyu suka bari Ifunanya ta gwada, duka biyun aka sami dalma, suka rufe. Sauran biyar suka ci gaba da jefa guga. A wani gidan ma mai gidan ya kore shi, ya ce zai tayar masa da masu haya.

Ifunanya ce ta matsa sai da aka gwada jinin shi kansa Hambali. Ya daɗe yana fama da ciwon gaɓoɓi da ƙullewar ciki, hannunsa na dama kuma ya soma sakin abu, yana ɗauka tsufa ne. Likita ya ce dalma ce, ta taru a hankali. Aka ba shi magani, aka ce ya daina shiga rijiya. Ko ba a faɗa ba, hannun ba ya iya riƙe igiya. Abdulƙahhar ya koma aiki da wani.

Munachi ta yi wata biyu a asibiti, ta rayu. Tana tafiya, tana ci, amma surutun ya tafi. Kalma ɗaya sai an jira ta, wani lokacin a kira sunanta ba ta waiwayo ba. Likitoci ba su yi wa uwarta alkawarin komai ba. Chinyere ta sayar da tukwanenta, ta yanke shawarar komawa wajen mahaifiyarta a Inugu.

Ranar tafiyar Hambali ya je tashar manyan motoci da ke Sabon Gari. Tun da abin ya faru ba su haɗu ba. Ya same ta zaune a kan jakarta, yarinyar a cinyarta. Ya durƙusa kamar mai gaida babba.

"Maman Muna, ki yafe mini."

"Tashi, Baba, ba girmanka ba ne." Ta gyara wa yarinyar zama. "Ni na roƙe ka ka zuba."

"Ni na yaso ta, ni na zuba."

"Ban riƙe ka ba. Amma ba zan iya kallonka ba tukuna. Ka yi haƙuri."

Ya miƙa wa Munachi ledar lemo da ya sayo. Ta dube shi, ba alamar ta gane shi, ta mai da fuskarta jikin uwarta. Chinyere ta karɓa a madadinta. Aka kira fasinjoji, suka hau.

Ya taka da ƙafa har Kwaciri, ya isa ana kiran azahar. Ya ɗauki buta zai yi alwala, ta suɓuce daga hannunsa, ruwan ya malale. Huseina ta fito daga kicin ta sake cika ta, ta tsuguna gabansa.

"Kawo hannun, Malam," ta ce.

Ya miƙa, ta zuba masa.