Injin da Aka Hana Numfashi

Tun ina budurwa a ƙauyenmu Fammar na gama tsara mijin da zan aura. Littattafan soyayyar da muke ara hannu zuwa hannu sun riga sun zana mini shi: dogo, mai saje, ƙamshin turarensa yana riga shi shiga ɗaki, kuma ba ya buɗe baki sai ya sauke ajiyar zuciya. Da Allah ya tashi cika mini buri sai ya raba abin gida biyu. Ya ba ni miji mai faci a Rano, gajere mai fara'a, mai ƙamshin roba da sholisho, ajiyar zuciyar kuwa ya ba injin iskarsa.

Rumfar facin a jingine take da bangon ɗakina ta waje, don haka na san numfashin injin nan kamar na jaririn da na goya. Ƙaramin injin fetur ne a sama, da fambel, a kan wani jan tanki mai kama da kwantaccen maraƙi. A makon amarcina, lokacin da nake jiran kalamai masu narkar da zuciya, maigidan ya zaunar da ni ya yi mini bayanin bawul. Wani ɗan ƙarfe ne a doron tankin. In iska ta cika ta yi yawa, sai ya buɗe da kansa ya yi fuuus, ya fitar da rarar. Ya ce da babu shi, da tankin ya tarwatse kamar tulun da aka jefa da dutse. Ya faɗa da irin muryar da jaruman littafi ke cewa ba za su rayu babu ke ba, ni kuwa na karɓa a haka.

Ba zan tauye masa haƙƙi ba, yana kula da abinsa. Kullum da yamma in ya kashe injin, yakan kwance wani ɗan noti a ƙarƙashin tankin, jan ruwa ya ɗiɗɗigo. Ya ce iska tana ɗauke da laima, laima kuma tana haifar da tsatsa daga ciki. Ni dai hawaye nake kiransa. In iska tana zurarewa, yakan shafa ruwan sabulu a mahaɗan tiyo ya ga inda kumfa za ta taso. Yana duba baƙin mai, yana latsa fambel da yatsa. Gejin da ke nuna yawan iska ne kawai ya mutu tun a hannun wanda ya sayar masa, allurarsa a kwance kamar mai azumi. Da kunne yake gane tanki ya cika, wato da wannan fuuus ɗin.

Matsalar daga Baffana, wato mahaifina, ta faro, ba don ya yi komai ba. Mu Fulani ne da muka zauna muka kama noma, ni ce kuma 'yar farinsa, don haka bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa kallona ya yi mini magana kai tsaye ba. Duk ranar kasuwa yakan zo da amalanke da shanunsa biyu, ya tsaya a ƙara wa tayoyi iska. Maigidan kuwa, Bahaushen Rano, ya ɗaura niyyar sai ya fi Fulani kunya. Yana hango ƙahonin shanun zai cire takalmi, ya goge bencin da ke gefen tanki, inda inuwa ta fi sanyi, ya tsuguna ya dasa idonsa a ƙasa.

Wata ranar kasuwa, ana tsakiyar gaisuwa, ya tsuguna ya juya wa tankin baya, an zo daidai "ya shanu", sai bawul ya saki. Ƙarar ta fito ne daga bayansa sak, doguwa, mai jan wutsiya. Baffa ya ɗaga kai ya yi ta nazarin gajimare. 'Yan acaɓar da ke majalisa a bakin rumfar suka daure har amalanken ya ɓace, sannan suka zube. Ɗayansu ya ba maigidan shawara ya riƙa rage wake a jajibirin kasuwa. Ranar ko tuwo bai iya ci ba.

Majalisa ta ɗauki maganar kamar shari'a. Wani ya ce a naɗe bawul ɗin da tsumma, iska ta yi jifa da tsumman kan mai rake. Wani ya ce a kifa masa gwangwani, sai ƙarar ta koma ta kakaki. Daga ƙarshe maigidan ya shigo mini da murmushin wanda ya ci jarrabawa, ya ce ya samo magani: in ya hango Baffa, zai ɗaure bawul ɗin tamau da waya, in an gama gaisuwa an tafi ya kwance. Na tambaye shi me zai hana ya kashe injin kawai. Ya ce injin in ya yi zafi aka kashe shi, fushi yake yi, ba ya tashi sai ya huce, barin suruki yana jiran iska kuma ya fi waccan kunyar muni.

Ni ban san kanikanci ba, amma na yi karatu. Na faɗa masa a duk littafin da na karanta, jarumin da ya daina ajiyar zuciya ya koma haɗiyewa, to babi biyu ya rage likita ya fito yana girgiza kai.

"Wannan ƙarfe ne," in ji shi, "ba Alhajin littafinki ba."

Makonni aka yi ana tsira, domin gaisuwar Baffa shi kaɗai tana da iyaka. Sai bayan kaka ya zo da yayansa, dattijon da rabonsa da Rano tun bikina, wanda in ya fara gaisuwa sai ya bi dangin mutum gida gida har waɗanda suka yi ƙaura zuwa Zurgu. Ina ɗaki ina karatu a waya, na ji bangon ya canja magana. Injin ya daina waƙarsa ya koma nishi, fambel ya fara ƙugi, kwanonin jerena suka kama rawa. Ina ta jiran fuuus, shiru. Na san a kan wane benci Baffa yake zaune, na kuma san ƙeyarsa ba ta fi taku ɗaya da tankin ba.

Matar aure ba ta faɗawa rumfar maza haka kawai. Na yafa mayafi, na ɗauki ƙwaryar fura ta zame mini hujja.

Abin da na tarar ya fi na littafi. Maigidan a tsugune, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, yana amsa "lafiya lau" yana satar kallon tankin, ba shi da ikon miƙewa kafin babba ya sallame shi. A gefen cikin tankin akwai wata tsohuwar walda da mai shi na farko ya lulluɓe da jan fenti. Da idona na ga fentin yana tsagewa yana zubowa ɓarɓashi ɓarɓashi. Ba zan iya yi wa Baffa magana ba. Ba zan iya gyara wa miji aiki a gaban surukansa ba. A duk wurin, shanun nan biyu ne kaɗai babu kunya tsakanina da su. Na ajiye ƙwaryar na juya gare su.

"Ku da kuke da hankali," na ce, "na karanta labarin wani bawan Allah da aka ɗaure wa numfashi saboda kunya. Bai kai ƙarshen shafin ba."

Gaisuwa ta tsaya. Baffa bai kalle ni ba. Ya kalli bakin sansa, ya ce masa a hankali, "Kai ma ka sani. Saniyar da ta ci gyauro ta daina gyatsa, ba a jira a gama gaisawa."

Sai ya miƙe, ya ce wa yayansa su zagaya bayan amalanke su duba kofaton san, kamar yana ɗingishi. San nan lafiyarsa ƙalau. Suna ba da baya maigidan ya yi tsalle ya kashe injin, ya kore ni da 'yan majalisa can nesa, ya raɓe gefe, ya miƙa hannu da filaya ya datse wayar.

Bawul ɗin ya rama duk bashin makonnin nan a numfashi ɗaya. Awakin maƙwabta suka watse, wani ɗan acaɓa ya bar takalminsa. Da ƙarar ta lafa, sai muryar Baffa daga bayan amalanke: "Alhamdu lillahi. Ta tashi."

Maigidan ya bari iskar ta fita tas, sannan ya taɓa tsohuwar waldar da bakin sukundireba. Ƙarfen ya ɓanɓaro kamar ƙanzo. Wani mai walda a majalisar ya ce a kawo ya sake liƙewa kafin la'asar, maigidan ya ce tankin iska ba tukunyar miya ba ce, ya gama aiki. Baffa kuwa ya shaida wa sansa cewa ya daɗe yana neman komin shan ruwa. Aka tsaga tankin biyu, ya hau amalanke ya tafi Fammar.

Sai da na je gida Innata ta ba ni ragowar labarin. Ashe tun ranar farko Baffa ya san ƙarar ta inji ce, ya sha jin irinta wajen masu facin Kibiya. Gajimaren da ya yi ta kallo, dariya yake dannewa, don ba a dariya a gaban suruki. Da injin ya yi shiru kuma, duk mako sai ya dawo gida yana cewa abin nan zai kashe mutum. Inna ta ce to ya faɗa masa mana. Ya ce ina shi ina koya wa suruki sana'arsa.

Yanzu sabon tanki ne, shuɗi, gejinsa yana motsi, an kuma mayar da bencin ɗaya gefen rumfar. Kullum da safe maigidan yakan ja zoben bawul ɗin ya ji ya amsa kafin ya karɓi taya. Ranar kasuwa in ya saki a tsakiyar gaisuwa, maigidan da Baffa sukan yi shiru su jira shi ya gama, kamar wani babba ne ya sa baki, sannan Baffa ya ci gaba daga "ya iyali". Ni kuma ta cikin bango nakan kifa wayar a ƙirjina mu sauke ajiyar zuciya tare.