Ƙofar da Amalanke Zai Wuce

A bakin hanyar Aliero, inda garin Jega ke ta faɗaɗa, Barau yana zaune cikin keke-napep ɗinsa yana jiran fasinja. Idonsa na kan wata dattijuwa da bai sani ba. Gajera ce, mayafinta ya koɗe, amma takalminta sabo ne fil. Tana tsaye cikin filin da aka zagaye da turaku da igiya, wani injiniya ya shimfiɗa mata zanen gini a kan mota: shaguna a ƙasa, ofisoshi a bene.

Ko kallon takardar ba ta yi. Hannunta duk kanta, irin na mai jan buhu. Barau yana hasaso mata shekara talatin a kasuwar albasa, tana raɓe a inuwar rumfar wasu. Yau kuwa, daga tsayuwarta ka san filin nata ne.

Sai ga ta tana yafito wani mai amalanke da ya ɗauko albasa, ta sa shi ya bi tsakanin turakun ƙofar shago. Amalanken ya cije. Ta juya ga injiniyan.

"Ka gani, ɗana? Ban san zane ba, amma na san buhu. Matsa turkenka."

"Hajiya, in ginshiƙin nan ya matsa, ofishin sama zai rage faɗi."

"Masu biro su matsu. Albasa za ta gina wanga wuri, ita ka fara shiga."

Injiniyan ya durƙusa da kansa ya tuge turken. Ta gyara mayafi, ta taka ta shiga ƙofar da ba a gina ba tukuna, har da sallama.