Zobban da Rabi ta nuna mini

Muna zaune da abokai a ƙofar shagona a Zongo, 'yata Rabi ta sauka daga zemijan, babur ɗin haya, ta miƙo mini waya tana murmushi. Hoton wasu zobba ne koraye shar, suna walƙiya a kan baƙin fili.

Ni da na tsufa a sayar da atamfa, sai na gyara tabarau. Na ce launi ya yi, amma mai zanen ba shi da hannu, rabin zobban sun karkace kamar lauje, ko kyauta matan unguwar Akpakpa ba za su ɗaura ba. Aka kwashe da dariya.

Ta ce, "Baba, ba atamfa ba ce. Rini ne muke sa wa jini a labo, ɗakin gwajinmu, ya kama fatar kowace ƙwaya, ta yi haske a madubin ƙara girma. Yau ya fara kama mini, na ce kai zan fara nuna wa."

"To, karkatattun fa?"

"Sikilata ce, Baba. Jinina ne."

Ta mayar da wayar jaka a hankali.

Tun tana goye nake kai ta asibiti, ranar da na ga ciwon da idona kuma na mai da shi abin dariya.

Jama'a, da wane baki zan ce ta sake nuna mini?