Surukina Ya Kai Buhu Taro, Ya Bar Ni a Gulbi

Ranar da aka ɗauke mu aiki a furojen noman rani na Madarumfa, kowane namiji an ba shi moto, wato babur, ni kuwa aka ba ni suruki. Har yau ban yafe ba, kuma ba na ɓoyewa. Ku ƴan matan da kuka zo bayanmu, kuna hawan moto kamar a kansa aka yanke muku cibiya, ku zauna ku ji abin da ba zan manta ba.

Ni ban shiga lakkwal, makarantar boko, ina yarinya ba. Sai da na aurar da ɗiyata ta fari sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, da autana goye a baya. Da na iya karatu da rubutu, furoje ya nemi masu zagaya ƙauyuka suna koya wa mata renon iri da dashe. Cikin waɗanda aka ɗauka ni kaɗai ce mace. Tsarin aikin shi ne kowa yana da ƙauyukansa, ya fita da safe, ya dawo ya gaya wa Shef, shugaban furoje, abin da ya gani. Sabon ɗauka kuwa a kan gwaji yake. In Shef bai gamsu ba, sai a karɓe ƙauyukan a ba wani.

Shef ya kira ni buronsa, wato ofishinsa, ya ce, "Madam Habsu, mu nan muna girmama mata. Ba za mu bari ki wahala da tuƙi ba, direba za a ba ki."

Na ce, "Shef, mai dakan gero ce za ta kasa riƙe ƙahon moto?"

Ya yi dariya, ya ce an riga an yanke. Kuma don kada maigidana ya ce wani ƙato na yawo da matarsa, Shef ya yi dabara, ya zaɓo wanda ba mai zarginsa: mijin ɗiyata ta fari, mai gyaran moto a bakin tasha. Sunansa ba zan faɗa ba, ban taɓa faɗa ba. Wanda ba ɗan ƙasar nan ba ya sani, mutumin nan ba ya haɗa ido da ni, ba ya cin abinci inda nake. In muka yi kiciɓis a lungu sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa yana gaida ƙasa. Shi aka ce ya ɗauke ni a moto guda.

Fitarmu ta farko ta faɗo wata Talata cikin rani. Manyan furoje sun zo daga Yamai, suna son su ga macen da aka ɗauka tana aiki a wani ƙauye na yankin garin Sarkin Yamma. Shef ya ja min kunne cewa daga wannan taro za a san ko na cancanta. Mota ta cika da baƙi, suka yi gaba.

Surukina ya zo da shirinsa. Madubin moto duka biyu ya murɗe su suna kallon sama, kada idonsa ya faɗa kan nawa. Ya ɗauko buhun takin da za mu kai wa matan, ya ɗaure shi da roba a tsakiya, ya zama katanga. Shi ya matsa har kan tankin mai, ni na ɗosana a ƙarfen baya, a karkace, ina riƙe da kunnen buhu. Wani ɗan kallo ya ce ko akuya za ta samu wuri a tsakaninmu.

Mun bar hanyar Safo muka gangara busasshen gulbi. Moto ya daki wani tudu, ya yi tsalle, na bi iska na zauna daɓas cikin rairayi. Ban ji ciwo ba. Na buɗe baki in kira shi, sunan ya zo har maƙogwaro, kunya ta mayar da shi. Da sun haihu da na ce baban wane, to ba su haihu ba tukuna. Na ce, "Kai." Na ce, "Kai mijin yarinyar nan." Ƙarar moto ta cinye. Shi kuma yana jin buhu a bayansa, hankalinsa kwance. Ina kallo ya haye gaɓa ya ɓace.

Can sai ga wani tsoho da amalanken jaki, Baƙo sunansa, manomin wajen ne. Ya dube ni, ya dubi sama.

"Baiwar Allah, daga ina aka faɗo?"

Na ce, "Daga furoje."

Na hau bisa karan dawar da ya ɗauko, na ba shi labari. Ya yi dariya har jakin ya tsaya. Ya ce, "Ni tsohuwata ita ke kora amalanken nan ranar kasuwa. Ba wanda ya taɓa ɗaukar mata direba. Ku masu ilimi kuna da wahala."

Abin da ya faru a ƙauye matan ne suka ba ni daga baya. Duk ramin da ya shiga a hanya, surukina sai ya ce, "Sannu, Inna." Bai ji amsa ba, bai damu ba, don dama suruka ba ta da yawan magana. Ya isa dandali ana guɗa, baƙi sun miƙe. Ya tsaya, ya kafe ƙafafu, ya sunkuyar da kai yana jiran in sauka. Ya daɗe a haka. Shef ya matso ya ce, "Ina Madam?" Ya ce, "Tana baya, ranka ya daɗe." Jama'a suka leƙa. Wata tsohuwa ta ce ita dai an ce mata mace za a kawo, amma in wannan ce to ta yi ƙiba.

Na iso rana ta take tsaka, ɗankwali a karkace, rairayi har cikin kunne. Baƙi sun sha fura suna shirin tashi. Na tara matan, na nuna musu tazarar dashen albasa, amma manyan ba su ga ko rabi ba.

Kafin ya shiga mota Shef ya ja ni gefe. "Kin gani ko, Madam? Aikin daji ba na mata ba ne. Gobe ki same ni, za mu nema miki wani abu cikin buro. Ƙauyukan za a ba wani."

Na ce, "Shef, wanda ya tuƙa namiji ne. Wanda ya yar da fasinja namiji ne. Wanda ya haɗa tafiyar namiji ne. Ni faɗuwa kawai na yi, ita ma na yi ta da kyau."

Ya shige mota suka tafi. Surukina kuwa yana bayan rumbu ya ƙi fitowa, sai aike ya yi a ba ni haƙuri. A amalanken Baƙo na koma bakin hanya.

Abin da na koya a aikin nan ke nan: in aka ce za a hutar da ke, ki duba da kyau, galibi kujerarki ake son ɗaukewa.

Washegari da sassafe na sa wandon maigidana ƙarƙashin zane, na riga kowa zuwa buro. Na sa mai gadi ya fito da moton furoje, ya nuna min yadda ake tada shi da inda ake takawa ya tafi. Bai kai ga bayanin birki ba na murɗa. Shef ya iso ya tarar ina zagaya ginin, kaji na watsewa. Na wuce shi yana ɗaga hannu. Na sake zagayowa ya ce, "Madam, sauko mu yi maganar jiya."

Na ce, "In a buro kake son in zauna, Shef, sai ka tsayar da ni."

Na ga ƙofar fita a buɗe, na miƙe ta, na ɗauki hanyar Sarkin Yamma.