Wayar da Baba Inuwa Ya Bugo Daga Mokwa

Baba Inuwa direban roka ne, wato babbar motar ɗaukar kaya. Ya shekara ashirin da biyu a kan hanya kafin in san shi, kuma sanin da na yi masa bai wuce na rani ɗaya ba, ranin 1994. A cikin wannan ranin ya rasa layinsa na ɗaukar kaya, kuma da hannuna na goge sunansa.

An haife shi a wani ƙauyen masunta da ke gefen Baturiya. Da ruwa ya fara ja da baya, kifi ya yi ƙaranci, 'yan'uwansa suka koma noman rani. Shi kuwa ya bi wata mota da ke zuwa kwasar bandar kifi, bai sake riƙe raga ba. Ya yi tuƙi a motocin mutane shekara da shekaru, har Allah ya hore masa tasa, wata tsohuwar roka shuɗiya mai bodin katako. Da ita yake ciyar da matarsa 'Yar'azumi da 'ya'ya shida a wani gidan ƙasa da ke bayan tasha.

Dogo ne, marar ƙiba, mai magana a hankali. Abin da kowa ya san shi da shi a Haɗeja shi ne gaisuwa. In ya tare ka, sai ka ajiye abin da ke hannunka. Zai tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi mahaifiyarka da ciwon da ta yi bara, sannan can ya ce, "To, dama..." ya shiga abin da ya kawo shi. Gwargwadon nauyin maganar, gwargwadon tsawon gaisuwar. Ya taɓa ce mini shi bai iya faɗa wa mutum mugun labari ba sai ya ji muryar mutumin ta zauna. Na yi dariya a lokacin.

Kawuna, Alhaji Shu'ibu, dillali ne. Ba shi da gona, ba shi da mota. Aikinsa shi ne ya haɗa manoman fadama da masu mota da masu saye a Legas. Direbobi suna da layi a rumfarsa: in kwandunan tumatir da tattasai suka taru, wanda layi ya zo kansa shi zai yi lodi. Wanda ba ya cikin layin, rani zai wuce shi yana kallo.

Da can, labarin mota a baki yake zuwa. Mai tafiya kudu ya ɗaga wa mai dawowa hannu a Tegina ko Jebba, ya ce, "Ka gaya wa Alhaji ka gan ni lafiya." Bayan kwana biyu saƙo ya iso. Amma a shekarar da nake magana Kawu ya samu aka ja masa tarho har shagonsa, kuma babbar mai sayen kayansa a Legas, wata Bayarabiya da muke kira Alhaja, ita ma tana da nata. Tun daga nan ba ta yarda da "yana hanya". Sai a gaya mata garin da mota take da ranar da za ta shigo.

Ni kuma a lokacin na shekara ɗaya da rabi da gama bautar ƙasa, takarduna suna cikin akwati, ina zaune gida. Kawu ya ɗauke ni ya zaunar kusa da tarhon. Don in nuna masa ba a banza na yi karatu ba, ni na kawo tsarin. Na kafa allo a bango, na rubuta sunayen direbobi da alli. Kowa zai bugo daga Kaduna, da Mokwa, da Ibadan. Tambaya biyu ce kawai: kana ina, yaushe za ka isa. Wanda ya ƙi bugowa sau uku a rani ɗaya, a goge shi daga layi.

Direbobi ba su so ba. Wanda ya fi kowa faɗa mini a fuska shi ne Istifanus, mutumin Zonkwa da ya daɗe a Haɗeja, matarsa Dibora tana koyarwa a firamare. Shi da Baba Inuwa tare suke cin abinci a hanya. Baba Inuwa yana kiransa Fasto, shi kuma yana kiran Baba Inuwa Liman.

"Akawu," in ji Istifanus, "ka taɓa ajiye roka cike da tumatir a tsakiyar rana ka shiga gari neman tarho? Layin tarho ya fi layin mai tsawo. Kana tsaye, kayanka suna dahuwa."

"Alhaja ce take so ta sani," na ce.

"To ta zo ta hau bodi mana, sai ta sani da kyau. Ko ba haka ba, Liman?"

"Ka bar yaro da aikinsa, Fasto. Kai da bakinka ba ya hutawa, ai tarhon don kai aka yi shi."

"Ni ai minti ɗaya na gama. Kai ne in ka ɗauka sai ka gaishe da awakin gidan."

Aka yi dariya, har da Kawu.

Kafin ƙarshen Fabrairu Baba Inuwa ya yi kuskure biyu. Na farko a Kaduna, ya tarar layin ya lalace. Na biyu a Ibadan, ya ce Ibadan da Legas ai ƙofa da ƙofa ne, me zai tsaya yi. Kawu ya kira shi gefe ya ce, "Malam Inuwa, saura ɗaya. Kada ka sa ni jin kunya." Ya ce in Allah ya yarda ba za a ƙara ba.

Ranar wata Talata motoci huɗu suka tashi. Istifanus ne a gaba, Baba Inuwa yana bayansa da kamar awa uku. Washegari Laraba, kafin azahar, Alhaja ta bugo sau uku tana faɗa. Motar Istifanus take nema, domin ya kamata a ce tuni ya bugo daga Mokwa. Kawu ya fita fadama wajen lodi, ya ce kada in bari kowa ya riƙe layin. Ina zaune ina kallon tarhon, zufa tana bin bayana, sai ya yi ƙara.

"Salamu alaikum. Malam Usman ne?"

"Ni ne, Baba. Kana ina?"

"Ina wuni? Yaya aiki? Yaya Alhaji?"

"Lafiya. Kana ina, Baba?"

"Ina Mokwa. Yaya mutanen gida? Hajiyarka ta ji sauƙin ƙafar?"

"Ta ji sauƙi. Yaushe za ka shiga Legas?"

"To, shiga Legas kam sai yadda Allah ya yi. Alhaji yana kusa? Yaya zafi a wajenku?"

"Gobe da safe ke nan. Baba, a bar mini layi, Istifanus nake jira."

Na ji ya ja numfashi. Ya ce, "To ai dama..." Na kife wayar. Na tashi na rubuta a allo: Inuwa, Mokwa, gobe da safe. Da Alhaja ta sake bugowa na faɗa mata haka, ta ɗan sauko.

Istifanus bai bugo ba ranar. Alhamis ma shiru, daga shi har Baba Inuwa. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wani direba Babarbare mai suna Ari ya shigo rumfa da ƙurar hanya a jikinsa, ya nemi Kawu. Baba Inuwa ne ya tare shi a bakin titi a Mokwa ranar Alhamis da safe, ya ba shi saƙo.

Tayar gaba ce ta fashe wa Istifanus kafin a shiga Mokwa, mota ta kife. Baba Inuwa ya zo ya tarar mutane suna ƙoƙarin zaro shi. Ya ɗauke shi ya kai asibitin garin, ya ba da jininsa, sannan ya je ya bi layin tarho. Wayar da ya bugo mini ke nan. Da na kife, wanda ke bayansa ya karɓi kan wayar, shi kuma ya koma ƙarshen layi. Kafin a sake zuwa kansa layin arewa ya ɗauke, kuma har washegari bai dawo ba. Istifanus yana kwance yana kiran sunan Dibora, ba shi da kowa a garin, Baba Inuwa kuma bai ga yadda zai ja mota ya bar shi ba.

A ranar Juma'ar da saƙon ya iso Kawu ya sa Dibora a mota. Ta isa Mokwa ranar Asabar. Mijinta ya rasu tun safiyar Juma'a. Baba Inuwa ya zubar da tumatirinsa da ya ruɓe a bakin daji, ya wanke bodin, ya ɗauki akwatin gawa da matar mamacin ya kai su Zonkwa. Sai da aka binne ya kamo hanyar gida.

Ranar da ya dawo, rumfa ta cika da direbobi da manoman da kayansu suka salwanta. Alhaja ta riga ta ce ta gama da Kawu, ta koma wajen wani dillali a Kano. Kawu bai ɗaga murya ba. Idanunsa sun yi ja, domin shi ma Istifanus nasa ne.

"Malam Inuwa, ba na ganin laifinka da ka tsaya. Ko ni ne zan tsaya. Amma ka riƙe waya a hannunka ranar Laraba. Da ka faɗa, da a ranar na nemo mota daga Ilorin an juye kayan. Da a ranar na sa matar nan a hanya, ta same shi yana magana. Me ya hana ka?"

Baba Inuwa yana kallon ƙasa.

Kawu ya juyo gare ni. "Usman, ya faɗa maka?"

Mutum ya fi talatin a wurin, duk suna kallona. Na ce, "Bai faɗa ba, Kawu."

Baba Inuwa ya ɗago ya dube ni. Ba harara ba ce. Ya ce, "Gaskiya ne, Alhaji. Ban faɗa ba."

"Kuma ba ka bugo daga Ibadan ba. Uku ke nan." Kawu ya miƙo mini tsumma. Na goge.

Mako uku na yi ina zuwa aiki kamar lafiya. Na daina bin hanyar makarantar Dibora. Na ji a bakin mutane cewa in ta haɗu da Baba Inuwa a hanya ba ta amsa gaisuwarsa, wai da ta tambaye shi a Zonkwa me ya sa bai aiko da wuri ba, ya ce mata kawai shi ne bai yi dabara ba. Rani yana ƙarewa, rokarsa tana tsaye a bayan tasha, an sa mata duwatsu a tayoyi. Daga baya na ga babu ita.

Wata safiya na samu Kawu shi kaɗai yana karin kumallo, na durƙusa na gaya masa yadda wayar ta kasance, kalma bayan kalma. Ya ajiye kofin kunu.

"Gaisuwa nawa ya yi maka?"

"Da yawa, Kawu."

"Kuma kai ɗan garin nan ne. Ka san shi." Ya shafa fuskarsa. "Tashi ka je ka nemo shi. Ka ce layinsa yana nan. Da bakinka za ka faɗa masa, ba da aike ba."

Na same shi a bakin kogi, can ƙasa da gada, inda ruwa ya janye ya bar rairayi. Yashi yake ɗiba wa masu gini. An cire rabin katakon bodin, leburori suna watsa yashi da shebur. Yana zaune a inuwar motar. Na gaishe shi, ya amsa, ya shiga tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama na faɗa masa abin da na gaya wa Kawu, da saƙon da aka ba ni. Na ce ya yafe mini.

"Ai ba ka yi ƙarya ba, Malam Usman."

"Na yi, Baba."

Ya ɗebi yashi a tafin hannu, ya bar shi yana zuba ta tsakanin yatsunsa.

"Ni ma na yi ta juya abin. Tsoho da ni, mutum yana kwance yana zubar da jini, ina tambayar ƙafar Hajiya. Na yafe maka. Ka gaishe da Alhaji, ka ce na gode."

"Za ka dawo?"

"Na gwada. Makon jiya wani ya ba ni albasa zuwa Ilorin. Na kai Tegina, hannuna ya ƙi riƙe sitiyari. Awa biyu ina zaune a gefen titi. Ƙarshe wani na nema ya ƙarasa da kayan, na hau ta haya na je na jira motata a Kaduna." Ya kakkaɓe hannunsa a jikin riga. "Hanyar kudu na bar ta. Ba fushi ba ne."

"Yashi zai riƙe gida, Baba?"

"In damina ta sauka kogi zai rufe nan. Sai mu ga abin da Allah zai yi."

Ɗaya daga cikin leburorin ya buga bodi da shebur, alamar mota ta cika. Baba Inuwa ya dafa taya ya miƙe, ya hau, ya tayar da ita. Ya leƙo ta taga ya ce in matsa gefe, zai yi baya.