Mai Ciyar da Duƙushi da Baya-Baya

Ka taɓa ganin mai ciyar da doki yana tafiya da baya? Ga shi a wata gona bakin tabkin Madarumfa, dattijo mai faci uku a riga, riƙe da ƙwaryar dusa da kanwa. Duƙushinsa na biye, gwiwa duk tabon tuntuɓe. Sai duƙushin ya ɗaga ƙafa ya tsallake kunyoyi biyar yake samun tafi ɗaya na dusar.

Wani masunci ya ce, "Baba, sayar da shi kafin ya karya ka!"

"Kai ma da rarrafe ka fara, ɗana."

Ina jin shi ke nan dokinsa. Na ƙirga: zuwan farko tuntuɓe bakwai, na biyu uku, na huɗu ko ɗaya babu. Tsoho har da rawa! In naka na tuntuɓe, gwada, ka ƙirga da kanka.