Mun ci kofi ina tsaye a bayan waya

Ni na sare ƙayar filin unguwarmu da hannuna. Ni na yi waldar ƙarafan raga a shagona. Shekara goma sha shida ina horar da 'yan ƙwallo, ba wanda ya taɓa ba ni ko usur.

Jiya a wasan ƙarshe, jami'in gasa ya tare ni a bakin benci.

"Baba, ina satifiket ɗinka na koci? Ko na matakin farko ne."

Na nuna masa 'yan wasana, na ce, "Ga su can, goma sha ɗaya."

Ya ce, "Wallahi na san aikinka, amma doka ce. Sai wanda ya ci kwas."

Kwas ɗin na kwana biyar ne a Katsina, na kuma je bara. A fili ba wanda ya kamo ni, a jarrabawar Turanci suka kayar da ni.

Dole muka aro Malam Habu, malamin firamare mai takardar, ya zauna a bencina. Ni na koma bayan wayar da ta kewaye filin, cikin masu sayar da rake. Da aka tafi hutun rabin lokaci ya lallaɓo ya ce, "Koci, don Allah wa zan cire?"

Mun ci biyu da ɗaya. Sunansa aka kira a lasifika, shi aka miƙa wa kofi.

Ban riƙe shi a raina ba, mutumin kirki ne. Na dai gaji.

Ku da kuka je filin, ku faɗi abin da kuka gani. Masu shirya gasa kuma ku buɗe littafinku ku rubuta: Koci Ɗanlami Mai Walda, Daura.